Layi Biyu Na Kod Da Suka Kusa Tarwatsa Min Gem: Mene Ne Lissafin Simfilektik?



Lokacin da na fara koyon haɗa gem, na rubuta wani ɗan abin gwaji: ƙwallo ce rataye a jikin sifirin, idan ka ja ta da yatsa ka saki sai ta riƙa lilo sama da ƙasa a fuskar waya. Na gwada, komai ya tafi daidai. Na ajiye wayar a kunne na fita sallah, ko da na dawo babu ƙwallo babu dalilinta. Na sake kunnawa na zuba ido, sai na ga lilon yana ƙara faɗi a hankali a hankali, har ƙwallon ta fice daga sikirin. Ba wanda ya taɓa ta, kuma ban rubuta wani abu da zai ƙara mata ƙarfi ba.

Kwana biyu ina laluben kuskuren. Da na gano maganin, sai ya zama sauya wa layi biyu wuri ne kawai, na ƙasa ya koma sama. Abin ya tsaya min a rai, domin ban fahimci dalilin da ya sa hakan ya yi aiki ba. Neman dalilin ne ya kai ni ga wani reshe na lissafi da ake kira simfilektik, da kuma abokin tafiyarsa, tsarin kusan-kwamfileks. Sunayen suna da ban tsoro, amma tushensu abubuwa biyu ne da duk mai waya ya sani: auna faɗin fili, da juya abu digiri 90. Su za mu warware yau.

Kod ɗin da ya kawo matsalar

Gem ba ya ganin motsi a miƙe kamar yadda idonka yake gani. Yana yanka lokaci ƙanana-ƙanana, galibi sau 60 a kowace daƙiƙa, a kowane yanki ya lissafa inda abu zai koma. Mu kira tsawon yankin h. Ga abin da na rubuta:

ja = -wuri
wuri = wuri + h * gudu
gudu = gudu + h * ja

Layin farko yana cewa sifirin yana jan ƙwallon zuwa tsakiya gwargwadon nisanta daga can. Na biyu ya matsar da ita. Na uku ya gyara gudunta. Wannan hanya ana jingina ta ga masanin lissafin nan ɗan Suwizalan, Leonhard Euler, kuma ita ce farkon abin da kowa yake rubutawa. Ga kuma gyaran:

ja = -wuri
gudu = gudu + h * ja
wuri = wuri + h * gudu

An fara gyara gudu, sannan aka yi amfani da sabon gudun wajen matsar da ƙwallon. Idan kana da Pydroid 3 ko Termux a wayarka, saka kowanne cikin madauki ka fara da wuri = 1, gudu = 0, h = 1/60, ka riƙa buga wuri*wuri + gudu*gudu, wanda shi ne ma'aunin kuzarin ƙwallon. A hanya ta farko, bayan taku 3,600, wato minti ɗaya na gem, kuzarin zai ninka kusan sau 2.7. Bayan minti goma ya ninka kusan sau 22,000, faɗin lilon kuma kusan sau 148. A hanya ta biyu lambar za ta riƙa ɗan rawa a kusa da 1, amma ko kwana ka bar ta ba za ta gudu ba.

Taswirar hali

Kafin mu ga dalili, sai mun sauya yadda muke kallon motsi. Idan na nuna maka hoton yaro a kan lilo, ba za ka iya faɗin inda zai kasance bayan daƙiƙa ɗaya ba, don ba ka san gaba ya nufa ko baya ba, ba ka kuma san saurinsa ba. Sai ka san abu biyu: inda yake, da gudunsa. Waɗannan biyun su ne cikakken halin da yake ciki.

To ɗauki takarda, ka ja layi a kwance ya zama na wuri, ka ja wani a tsaye ya zama na gudu. Kowane ɗigo a takardar hali ɗaya ne na ƙwallonmu. Wannan takarda za mu kira ta taswirar hali. A kanta, ƙwallon da ke lilo a sifirin zagaye take yi: idan ta kai ƙarshen nisa gudunta sifiri ne, idan ta zo tsakiya gudunta ya kai ƙololuwa, haka har ta dawo inda ta fara. Cikakkiyar da'ira ke nan.

William Rowan Hamilton, ɗan ƙasar Ayalan, shi ne ya sake rubuta dokokin motsi na Newton a wannan siga a shekarun 1830. A tsarinsa ana haɗa kowane wuri da abokinsa, wato nauyi sau gudu. Mu a nan mun ɗauki nauyin ƙwallon a matsayin 1, shi ya sa muke cewa gudu kawai. Abu ɗaya da ke yawo a sarari yana buƙatar lambobi 3 na wuri da 3 na gudu, jimilla 6. Yawan lambobin da ake buƙata don a nuna ɗigo ɗaya shi ake kira daimenshon. Ka lura, tun da bibbiyu suke zuwa, daimenshon ɗin taswirar hali kullum lamba ce da ke rabuwa biyu cif: 2, 4, 6, 8.

Ma'aunin simfilektik: awon fili mai alama

Ɗauki kibiya biyu da suka tashi daga ɗigo ɗaya a takarda. Ta farko (a, b), wato taku a zuwa dama, taku b zuwa sama. Ta biyu (c, d). Idan ka mai da su gefuna biyu na fili mai kusurwa huɗu, faɗin filin shi ne a×d − b×c. Gwada da (1, 0) da (0, 1), za ka samu 1, wato murabba'i mai gefe ɗaya-ɗaya.

Wannan ɗan lissafi shi ne ma'aunin simfilektik a mafi sauƙin sigarsa, kuma masana suna rubuta shi da harafin Girka ω, omega. Masu haɗa gem suna amfani da shi kullum don sanin ko abokin gaba yana hagunka ko damanka, ko da ba su san sunansa ba. Yana da halaye uku:

Na ɗaya, idan ka sauya jerin kibiyoyin, alamar amsar tana juyawa. Abin da ya ba da 5 zai koma −5. Daga nan ne ake gane hagu da dama. Saboda haka ma idan ka auna kibiya da kanta sifiri za ka samu, don layi ɗaya ba ya kewaye fili.

Na biyu, babu kibiyar da ke ɓuya masa. Duk kibiyar da ba sifiri ba tana da wata abokiya da za su haɗu su ba da fili.

Na uku ya fi bayyana a daimenshon 4 zuwa sama. Ka ɗauka raga ce aka ɗinka a jikin zoben ƙarfe. Idan ka tura ragar ta yi tumbi ta nan ko ta can, muddin zoben bai motsa ba, jimillar awon da ω zai ba ragar ba ta canzawa. Masana suna cewa ma'aunin rufaffe ne.

A daimenshon mai yawa, abin da ω yake yi shi ne ya dubi inuwar filin a kan takardar kowane wuri da abokin gudunsa, ya auna kowace inuwa da alamarta, ya tara su.

Sunan kansa ba tsoho ba ne. Hermann Weyl ne ya ƙirƙire shi a littafinsa na 1939. Da can ana kiran abin da kalmar kwamfileks, sai ta riƙa rikicewa da lambobin kwamfileks, shi ne ya fassara kalmar daga asalinta na Latin zuwa Girkanci. Ma'anar dukansu ɗaya ce: abin da aka kitsa tare.

Yanzu mu kama ɓarawon

Babbar gaskiyar da ke cikin tsarin Hamilton ita ce: motsi na gaske, idan babu gogayya da ke cinye kuzari, ba ya canza ω. Ka zana ɗan fili a taswirar hali, ka bar kowane ɗigo a cikinsa ya bi dokar motsi. Filin zai iya miƙewa, ya karkace, ya zama siriri kamar taliya, amma faɗinsa yana nan yadda yake. Wannan sakamako yana da alaƙa da abin da ake kira ƙa'idar Liouville.

Mu gwada kod ɗinmu da wannan awo. Mu fara da murabba'in da (1, 0) da (0, 1) suka kewaye, lambar farko wuri, ta biyu gudu. A hanya ta farko, bayan taku ɗaya (1, 0) ta koma (1, −h), ita kuma (0, 1) ta koma (h, 1). Faɗin sabon filin shi ne 1×1 − (−h)×h, wato 1 + h². Ga ɓarawon nan. Kowane taku yana kumbura filin da ɗan ƙaramin kaso. Idan h = 1/60, kason ɗaya bisa 3,600 ne kacal, amma kamar bashi mai kuɗin ruwa yake, yana hawa kan na baya.

A hanya ta biyu, (1, 0) ta koma (1 − h², −h), (0, 1) kuma ta koma (h, 1). Faɗin ya zama (1 − h²)×1 − (−h)×h, wanda yake daidai da 1 cif. Babu ƙari babu ragi. Shi ya sa ake kiran wannan hanya Euler na simfilektik.

A kula, hanya ta biyu ba ta ba da amsar da ta dace ɗari bisa ɗari, tana da nata kuskuren a kowane taku. Bambancin shi ne kuskurenta ba ya taruwa ya zama kuzarin bogi. A misalinmu, abin da take riƙewa daram shi ne wuri² + gudu² − h×wuri×gudu, wanda yake dab da kuzarin gaske idan h ƙarami ne. Idan kuma ka yi ganganci ka sa h ya wuce 2 a wannan misali, ita ma za ta tarwatse.

Wannan ba lissafin aji kawai ba ne. Box2D, injin motsin da Erin Catto ya rubuta wanda aka gina Angry Birds a kansa, da irin wannan hanya yake tafiyar da abubuwa. Akwai 'yar'uwarta da ta fi ta daidaito, wadda Loup Verlet ya yi amfani da ita a 1967 wajen kwaikwayon motsin ƙwayoyin zarra a kwamfuta, daga baya Thomas Jakobsen ya shigar da ita harkar gem a Hitman: Codename 47 don motsa tufafi da jikin mutane idan sun faɗi. A 1991 kuma Jack Wisdom da Matthew Holman suka fitar da wata hanyar simfilektik da masana taurari suke bi wajen lissafa tafiyar duniyoyi na miliyoyin shekaru. Ka ga da irin kod ɗina na farko suka yi aiki, da tuni duniyarmu ta fice daga zagayen rana a kwamfutarsu.

J: juyin digiri 90

Yanzu abu na biyu. Riƙe wayarka a tsaye, ka juya ta digiri 90 zuwa hagu, ta kwanta. Sake juya ta digiri 90, ta koma kai a ƙasa. Duk kibiyar da ke fuskar wayar yanzu ta kalli kishiyar inda take kallo da farko. Idan muka sa wa juyin suna J, to yin J sau biyu daidai yake da ninkawa da −1. A rubuce, J² = −1.

A makaranta an ce mana babu lambar da za a ninka da kanta ta ba da −1. Lambobin kwamfileks sun zo da wata, i, wadda ke yin haka, kuma hanya mafi sauƙi ta fahimtar i ita ce juyi ne na digiri 90. Injiniyoyin lantarki suna rubuta ta j, haka ma Python. Buga 1j * 1j ka ga amsa. A lambobi, J yana mai da (x, y) zuwa (−y, x).

Wayarka ma da wannan take magana da eriyar sabis. A 4G da 5G da Wi-Fi, ana ɗora bayanai a kan igiyoyi biyu masu mita ɗaya da ke da tazarar digiri 90 a tsakaninsu, ana kiransu I da Q. Idan aka haɗa su, lambar kwamfileks guda suke bayarwa. A tsarin 256-QAM, akwai ɗigo 256 a kan wannan takarda, kowane ɗaya yana ɗauke da bit 8.

To me ya haɗa J da ω? Ɗauki kibiya (3, 4). J ya mai da ita (−4, 3). Auna filin da su biyun suka kewaye: 3×3 − 4×(−4) = 25. Tsawon kibiyar (3, 4) kuwa 5 ne, kuma 5×5 = 25. Wato idan kana da ma'aunin fili kana da juyi, ka samu ma'aunin tsawo kyauta. Abubuwa uku ne kamar duwatsun murhu: fili, juyi, da tsawo. Idan sun dace da juna, kowane biyu suna ba ka na ukun.

Dokar motsi ta Hamilton ma a nan take kwance. Ka ɗauki kuzari kamar tudu a kan taswirar hali. A kowane ɗigo akwai kibiyar da ke nuna inda hawa ya fi tsini. Idan ka bi ta, sama za ka yi. Idan ka juya ta digiri 90 kafin ka bi, sai ka riƙa kewaya tudun ba hawa ba sauka. Haka motsi na gaske yake yi, shi ya sa kuzari ba ya canzawa. Kod ɗina na farko yana bin wannan kibiyar da aka juya, amma a miƙe yake yin takun, alhali hanyar lanƙwasasshiya ce. Kowane taku sai ya ɗan faɗa wajen da'irar.

Manifol: idan takardar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce

Duk abin da muka yi zuwa yanzu a kan takarda miƙaƙƙiya ne. Amma ka duba abin lilo da zai iya zagayawa gaba ɗaya, kamar hannun agogo. Wurinsa kusurwa ce, kuma digiri 360 daidai yake da digiri 0. Don haka taswirar halinsa takarda ce da aka naɗe aka manne gefunanta, ta zama kamar bututu.

Irin wannan shimfiɗa, wadda idan ka matso kusa take kama da miƙaƙƙiyar takarda amma gaba ɗayanta tana da wata siffa dabam, ita ake kira manifol. Doron duniya shi ne misalin da kowa ya sani. Idan ka buɗe Google Maps ka zuƙo unguwarku, a shimfiɗe take. Idan ka yi ta ja baya, sai ka ga ƙwallo. Manifol na simfilektik shi ne wanda a kowane ɗigonsa akwai ω mai halayen nan uku, yana canzawa sumul daga ɗigo zuwa ɗigo. Tsarin kusan-kwamfileks kuma shi ne a ce a kowane ɗigo akwai J da ke juya kibiyoyin wurin, yin sa sau biyu yana ba da −1, shi ma yana canzawa sumul.

A doron duniya abu ne mai sauƙi. ω shi ne faɗin fili kamar yadda mai awon gona yake auna shi. J kuma shi ne: duk inda ka fuskanta, juya hagunka. A daimenshon 3 kuwa ba zai yiwu ba. Juya ƙwallo a kan yatsanka ka gani, kullum akwai layin tsakiya da ba ya motsi, kuma kibiyar da ke kan wannan layi ba za ta taɓa komawa kishiyarta ba. Shi ma J sai a daimenshon mai rabuwa biyu.

Akwai wani abin mamaki game da ω. Ba za ka iya shimfiɗa ɓawon lemo a tebur ba tare da ya yage ko ya miƙe ba, Gauss ya tabbatar da dalilin haka a 1827. Shi ya sa babu taswirar duniya da ke nuna kowane nisa daidai, kuma shi ya sa a taswirar Mercator tsibirin Girinlan yake kama da ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Amma taswirar da ke nuna faɗin fili daidai tana yiwuwa, Johann Lambert ya zana irinta tun 1772. Gaston Darboux ya nuna a 1882 cewa haka abin yake a kowane manifol na simfilektik: idan ka ɗauki ƙaramin yanki, kullum za ka iya zana masa taswirar da ω zai zama irin na miƙaƙƙiyar takarda. Ma'ana daga kusa duk kamarsu ɗaya. Bambancinsu sai an dubi siffar gaba ɗaya.

Me ya sa ake cewa "kusan"?

Cikakken manifol na kwamfileks shi ne wanda za ka iya rufe shi da taswirori na lambobin kwamfileks, ta yadda a cikin kowace taswira J zai zama ninkawa da i a ko'ina lokaci guda. Na kusan-kwamfileks yana da J a kowane ɗigo, amma mai yiwuwa ne juyin nan da na maƙwabcinsa su ƙi shiga taswira ɗaya. Kamar unguwar da kowane gida yake da agogo mai aiki, amma an kasa saita su su nuna lokaci ɗaya. A daimenshon 2 kullum suna saituwa, matsalar daga 4 take farawa. A 1957 Newlander da Nirenberg suka tabbatar da gwajin da ke raba gardama: akwai wani awo mai sunan Nijenhuis, idan ya ba da sifiri a ko'ina, J ɗin cikakke ne.

Ga dangantakar da ta fi muhimmanci. Duk manifol ɗin da ke da ω, za a iya sama masa J da ya dace da shi. Ba guda ɗaya ba ma, suna da yawa, kuma kowane biyu za a iya karkata ɗaya a hankali har ya zama ɗayan. Amma samun J ba ya nufin akwai ω. Shahararren misali shi ne fatar ƙwallo. Borel da Serre sun nuna a 1953 cewa a cikin fatun ƙwallo na kowane daimenshon, biyu ne kawai suke karɓar J: mai daimenshon 2, irin doron duniya, da mai daimenshon 6. Na 6 ɗin yana samun nasa ne daga wasu lambobi masu sassa takwas da ake kira oktoniyon. Sai dai ba shi da ω ko kaɗan, domin rufaffen manifol na simfilektik yana buƙatar wata rufaffiyar shimfiɗa mai daimenshon 2 a cikinsa da ba za a iya tsuke ta ta ɓace ba, a wannan ƙwallo kuwa kowace tana tsukewa. J ɗin da oktoniyon suka bayar ba cikakke ba ne, kuma tambayar ko akwai wani cikakke a wannan ƙwallo ta zama ɗaya daga cikin shahararrun tambayoyin lissafi tun ƙarshen shekarun 1940.

Inda duka ukun suka haɗu, ω da cikakken J da ma'aunin tsawo, ana kiran wurin manifol na Kähler, sunan Bajamushen da ya yi rubutu a kansa a 1933. A 1976 William Thurston ya kawo misali mai daimenshon 4 da ke da ω amma ba na Kähler ba ne, ya nuna cewa duniyar simfilektik ta fi faɗi.

Raƙumin simfilektik

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne amfanin J da bai cika ba? Mikhail Gromov ya ba da amsa a 1985. Ya ce a zaɓi kowane J da ya dace da ω, sannan a nemi shimfiɗu masu daimenshon 2 a cikin manifol ɗin waɗanda J yake juya kibiyoyinsu ba tare da ya fitar da su daga shimfiɗar ba. Irin waɗannan shimfiɗu suna kama da fatar kumfar sabulu a jikin zobe: suna ɗaukar mafi ƙarancin faɗi, kuma ω ne yake faɗin girmansu. Tun da ana iya karkata wannan J zuwa wancan, abin da aka ƙirga da ɗaya yakan tsaya ga saura, sai ya zama labari ne game da ω kansa.

Da wannan makami ya tabbatar da abin da ba a zata ba. Ɗauki dunƙulalliyar ƙwallo a taswirar hali mai daimenshon 4 ko fiye. Ga kuma dogon bututu marar iyaka, wanda bakinsa da'ira ce a kan takardar wuri ɗaya da abokin gudunsa, kuma bakin ya fi ƙwallon ƙanƙanta. Da a ce girman ciki kawai ake kiyayewa, kamar curin tuwo, sai ka murza ƙwallon ta yi tsawo ta shige. Gromov ya nuna idan ω ake kiyayewa, ba za ta shiga ba ko yaya ka murɗa ta. Masana suna yi wa irin wannan sakamako laƙabi da raƙumin simfilektik, daga sanannen misalin nan na raƙumi da kafar allura. Gromov ya karɓi kyautar Abel a 2009 saboda gudummawarsa ga ilimin siffofi.

Ma'anarsa a aikace ita ce: idan rashin tabbas ɗinka game da halin wani abu ya kai girman wata ƙwallo, motsi irin na Hamilton ba zai taɓa matse inuwarta a kan takardar wuri da abokin gudunsa ta gaza yadda ta fara ba. Idan ta tsuke ta ɓangaren wuri, sai ta buɗe ta ɓangaren gudu.

Abin da za ka ɗauka ka yi aiki da shi

Idan kana rubuta wani abu mai lilo, ko mai zagaye, ko mai tsalle a kan sifirin, fara gyara gudu kafin wuri. Idan kana son ƙarin daidaito, nemi hanyar Verlet. Riƙe h a lamba ɗaya, kada ka bar shi yana canzawa da saurin wayar mai amfani, domin canza shi barkatai yana ɓata wannan kariya. Sannan kada ka yarda da gwajin daƙiƙa goma. Bar shi ya yi aiki na minti goma ko fiye kana buga kuzarin, don irin wannan kuskure a ɓoye yake girma.

Ku gwada layukan nan uku a wayoyinku da h = 0.1, inda hanya ta farko take ninka kuzari sau biyu cikin taku 70 kacal, ku ga abin da idonku. Wanda ya samu wata amsa dabam, ko wani sashe ya shige masa duhu, ya ajiye tambayarsa a ƙasa, zan duba in sha Allahu.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.